Kayanmu a Hanya, Lissafinmu a Waya

Jawabin da aka gabatar a zaman zagayowar ranar kafa ƙungiya, a unguwar Jadid, Sabha



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, direbobi da masu sito, baƙinmu da suka taso daga Gatrun da Murzuƙ da Ubari, da 'yan'uwanmu na Agadas da Damagaram da Kano da za su karanta wannan a mujallar ƙungiya, ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan an zo lafiya.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan yadda intanet ta shigo cikin harkar safarar kayanmu, tun daga wurin saye har hannun mai karɓa. Na ga wasu dattawa sun gyara zama, alamar a yi a gama. Ku yi haƙuri, Alhaji, ba zan kawo muku Turanci ba. Maganar kaya ce da bashi da amana, kuma kun fi ni saninsu.

Damuwar da ke hana ɗan kasuwar wannan hanya barci ba sabuwa ba ce: ina kayana suke, a hannun wa, nawa suka rage, kuma nawa ake sayar da su a can inda za su? Larabawan Gadamas da suka zauna a Dandalin Turawa a Kano da wasiƙa suke gudanar da wannan. A rubuta adadin ƙunshi da alamar da aka yi wa kowane, a ba madugu, sannan wakili a Gat ko Tarabulus ya duba ya amsa, amsar ta zo bayan watanni. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850, ya biyo ta Murzuƙ da Gat da Agadas, bai shiga Kano ba sai Fabrairun 1851. Fatauci ya yi ƙarni da ƙarni a haka. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin Ikko da teku, ayarin Tarabulus ya mutu cikin 'yan shekaru. Kayan ayari ba su lalace ba, amanar mutanensa ba ta ragu ba. An samu wata hanya ce da ta fi su sauri da arha, abokan ciniki suka bi ta. Shi ya sa duk abin da ya shafi saurin kaya da saurin labari nake ganin bai kamata mu yi masa riƙon wasa ba.

A zamaninmu abin da ya fara karya shirun sahara Thuraya ce. Waɗanda suka riƙe ta a farkon shekarun 2000 sun tuna yadda ake magana a tsaye, ido na kan daƙiƙa. Sai layukan Libyana da Madar suka wadata a nan, Airtel da Moov da Zamani a Nijar, MTN da sauransu a Najeriya. Sai babbar waya ta zo da WhatsApp, daga nan komai ya juya. Babu taron da aka kira aka ce yau za mu rungumi fasaha. Yaro ya ɗora wa maigida a waya, maigida ya ji muryar wakilinsa na Kantin Kwari ba tare da kati ya ƙare ba, shi ke nan. Saƙon murya shi ya ci kasuwar, domin bai tambayi mutum ko boko ya yi ko allo ba.

Mu bi kaya guda mu gani. A ce barguna ne da darduma daga Sin. Yau mutum yana zaune a Jadid ko Gurda zai duba samfur a Alibaba, ko wakilinsa na Yiwu ko Gwanzu ya zagaya da shi shago ta bidiyo, ya zaɓi launi, a yi ciniki. Idan aka yi lodi, kwantena tana da lambarta, haruffa huɗu da alƙaluma bakwai. Ka shiga shafin kamfanin jirgin, ko Maersk ne ko MSC ko CMA CGM, ka sa lambar, zai nuna maka tashar da aka ɗora ta, inda aka sauya mata jirgi, da ranar da ake sa ran saukarta a Misrata. Lokacin da rikicin Bahar Maliya ya tashi a ƙarshen 2023, jirage da yawa suka daina bin Suwez suka koma zagaya Afirka ta ƙasa, waɗanda suke duba lambarsu sun ga jinkirin tun yana tafe, suka riƙe abin da ke sito ba su karyar ba. Waɗanda ba sa dubawa sai a bakin mutane suka ji.

Daga Misrata zuwa Sabha kwalta ce, akwai sabis a mafi yawan hanya, direba yana ɗaga waya. Amma daga Gatrun a nufi Tumo da Madama da Dirku, har a kai Agadas, nan ne kayan da muka bi da ido tun daga wata nahiya suke shiga duhu. Abin dariya ne in ka duba: kana ganin kwantenarka a tsakiyar teku, amma ba ka ganin motarka a Tenere. In ta fito Agadas ta kama hanyar Tanut da Damagaram, ta shiga ta Maimujiya ko Maigatari, sai labari ya dawo, amma a lokacin kayan sun sauya mota sau biyu ko uku, kowane sauyi da yaransa da lissafinsa. Haka ma abin da ke hawowa, citta da riɗi da zoɓo da lalle daga Dawanau, ko raƙuma da tumaki.

Manyan kamfanonin duniya abin da suka kashe dukiya a kansa ke nan. Kowane kwali yana da lamba, duk hannun da ya taɓa shi sai ya shaida a na'ura, labarin ya tafi rumbu guda da mai saye da mai sito da mai mota suke gani a lokaci ɗaya. Idan kwali ya ɓace, ana sanin tsakanin wane hannu da wane hannu ya ɓace. Hukumomi ma can suka nufa. Duwan ta Nijar da SYDONIA take aiki, kwastan ta Najeriya ta fara nata tsarin mai suna B'Odogwu a 2024. Duk wanda ke fitar da kaya da takarda ya san cewa yau in ba a shigar da su kwamfuta ba, hatimi kaɗai ba ya fitar da mota.

Mu kuwa rabin abin muka ɗauka. Mun ɗauki magana, mun bar rubutu.

Kafin in zo kan wannan, bari in taɓa kuɗi, don nan ne wayar ta fi yi mana rana. Muna ciniki da kuɗi uku, kuma biyu daga cikinsu ba sa zama wuri ɗaya. Sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 a kowace yuro, ita ce mai natsuwar. Dinari kuwa, a Janairun 2021 babban banki ya mayar da dala 4.48, a Afrilun 2025 ya sake rage masa daraja da kashi 13.3 cikin ɗari, ban da abin da kasuwar bayan fage ke yi kullum, ban da bambancin farashin tsaba da na cek da muka saba da shi tun da kuɗi suka yi wuya a bankuna. Naira aka sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 a dala, kafin Maris na 2024 ta haura 1,500. A irin wannan yanayi, wanda ya saya da dinari, ya biya mota da duwan da sefa, ya sayar da naira bashi na wata biyu, zai iya cin riba a takarda ya tashi da asara a aljihu. A da mai canji ne kaɗai ya san farashin safiya. Yau kafin ka gama shayi ka ga na Tarabulus da na Wapa a waya. Wannan alheri ne, kuma ya rage cutar da ake yi wa ƙananan 'yan kasuwa.

Biyan ma ya sauya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har masu rantsuwa ba za su taɓa ba zuwa tiransifa da OPay da Moniepoint. A Nijar ga Nita da Amana da Al Izza. A nan Libiya kati da manhajojin bankuna sun shiga har ƙananan shaguna. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke tsallake iyakokin nan uku kai tsaye. Har gobe hawala ce gadar, wato mutum da mutum, sai dai yanzu hoton rasit ke tafiya a WhatsApp a madadin ɗan aike. To, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Yaro mai wayo zai haɗa maka shi cikin minti biyar, da sunanka da adadin da komai. An sha sakin kaya a kan hoto, daga baya a duba asusu a ga wayam. Kada mai sito ya buɗe ƙofa sai wanda aka tura wa kuɗin ya buɗe asusunsa da hannunsa ya gani, ya kuma faɗa da bakinsa. Gani ya kori ji, amma a gani a asusu, ba a hoton da wani ya turo ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma na san ya dami duk wanda ya taɓa zama a kwamitin sulhu. Ku tuna irin ƙarar da ake kawo mana shekara goma da suka wuce: mutum zai zo da littafinsa, ɗayan ma da nasa, a buɗe a gwada. Yau mutum biyu za su zo kowa da waya, a ce a saurari saƙon murya. A yi ta ja da yatsa sama ana neman saƙon watan Sha'aban a cikin ɗaruruwa, ga gaisuwa, ga wa'azi, ga hoton suna. In an same shi, sai a ji an ce "ka ƙara mini hamsin a kan na wancan karon". Hamsin na me? Katan ko buhu? Wane karon? Ɗayan kuma ya ce nasa ya goge tun da ya sauya waya. Mun taɓa kwana uku a kan lodin taliya da tumatirin gwangwani da aka ce ya yi giɓin katan saba'in tsakanin nan da Agadas. Mai kaya mutumin kirki, direba mutumin kirki, mai karɓa ma haka. Ba wanda ya ƙirga a gaban wani ya rubuta, kowa ya dogara da cewa ai an faɗa a waya. A ƙarshe raba asarar aka yi uku, mutum biyu aƙalla suka biya abin da ba su ci ba, kuma zumuncin shekaru ya yi rauni.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne mutuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ɗan'uwa zai rasu, dukan lissafinsa yana cikin waya, wayar tana kulle da lambar da shi kaɗai ya sani. Masu binsa bashi za su zo, domin mai bin bashi ba ya mantuwa. Waɗanda yake bi kuwa, sai mai tsoron Allah a cikinsu. Matarsa tana Tasawa ko Ɗanbatta da yara, ta san mijinta yana da kaya a hanya, ba ta san a motar wa ba. Mu da muka wanke shi muka binne, mu ne za mu kasa gaya mata abin da ya bari. Littafin da iyayenmu ke ajiyewa a ƙarƙashin katifa, duk da tsufansa, magada suna iya buɗe shi. Malamai suna nan, su gyara mini: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ba a ce don ana zargin wani ba.

Sai maganar zaurukanmu na WhatsApp. Suna da amfani ƙwarai. A nan ake jin an rufe hanya, an ƙara shinge, mai ya yi wuya a Gatrun, ko farashin dabino ya faɗi. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har aka buɗe a Maris na 2024, da zaurukan nan mutane suka san inda za su tsayar da kaya da inda za su karkatar. Amma zauren da ke da mutum ɗari uku kasuwa ce, ba ɗaki ba. Wa ya san kowa a ciki? Sai ka ga mutum ya saka bidiyon motarsa an gama ɗaure kaya, ga lamba a fili, ya rubuta "gobe da asuba in sha Allah, a sa mu a addu'a". Addu'a muna yi, amma ba masu addu'a kaɗai ke kallo ba. Ranar tashi da hanyar da za a bi da abin da aka ɗauka, tsakanin mutum uku ya kamata su tsaya: mai kaya, direba, mai karɓa.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a cika lura da ita ba. Da yawanmu WhatsApp ɗinmu a kan layin gida yake, na Najeriya ko na Nijar, alhali muna nan shekara biyu ba mu sa layin a waya ba. Kamfani yana karɓe layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba ya sayar wa wani, kuma a Najeriya an toshe layuka masu yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN. Ranar da wani ya sayi layinka a Kano, zai iya buɗe WhatsApp da lambarka, abokan cinikinka su ɗauka kai ne. Maganin ba ya cin ko dirhami: a cikin saitin manhajar akwai inda ake sa lambar sirri mai alƙaluma shida. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, ko da muryar sakataren ƙungiya ya yi, ɓarawo ne. Matasanmu suna bakin ƙofa bayan an tashi, duk mai so a sa masa ya tsaya.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a jefar da takarda. A ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Satumban shekarar an kashe sabis a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato na tsawon makonni. A 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan Najeriya suka yi ta tangal-tangal. Mu a Sabha ba ma buƙatar a ba mu labari, wuta ta ɗauke ko a yanke waya a hanyar arewa, gari ya yi tsit. Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a Nijar a Maris na 2025, kuma tana iya rage duhun da na ambata. Amma kowace ƙasa da dokarta a kan na'urar, kada mutum ya ɗora ta a mota ya tsallaka iyaka bai tambaya ba, ya jawo wa kansa da kayan mutane tsaiko. Direba dai ya sauke taswira a wayarsa tun yana gari, domin GPS ba ya buƙatar sabis, ya riƙe Thuraya da caji, ya kuma bar wa wani amintacce hanyar da zai bi da ranar da in ba a ji shi ba a tashi nema. A 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, me nake roƙon ƙungiya? Abu ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar mu sayi wata manhaja mai tsada. An sha kawo mana irin waɗannan, an yi su ne don kamfanin da ke da ofis da wuta da ma'aikata masu Turanci, ba za su yi wata uku a hannunmu ba. Ina roƙon mu buɗe rajistar lodi ta ƙungiya. Duk lodin da zai tashi a ba shi lamba. A rubuta lambar a jikin kaya da fenti, a rubuta ta a takarda mai kwafi uku da adadin kaya da kuɗin mota da abin da aka biya da abin da ya rage, mai kaya da direba su sa hannu ko su dangwala. A ɗauki hoton takardar a tura wa magatakarda, shi kuma ya shigar a jadawali guda a intanet, irin na Google Sheets, wanda wakilinmu na Agadas da na Damagaram da na Kano za su iya buɗewa. Duk inda kaya suka sauka ko suka sauya mota, wakili ya ƙirga ya rubuta abin da ya gani a gaban lambar. In giɓi ya fito, za a san a wane zango ya fito, tun direba bai yi nisa ba. In mai kaya ya faɗi, magadansa su zo ofis a buɗe musu.

Na san abin da ke ran wasu, don an faɗa mini a gefe. Na farko, sirrin kasuwa: wa zai yarda abokin gasarsa ya san abin da ya ɗauko? Wannan gaskiya ce, kuma amsarta ita ce kada a rubuta farashin saye ko sunan wanda aka saya a wurinsa, sannan kada kowa ya ga layin wani sai magatakarda da wakilin zangon. Na biyu, tsoron kada rajistar ta faɗa hannun da ba a so, a bi mutane da haraji ko abin da ya fi haraji. Wannan ma ba zan raina shi ba, mun san inda muke zaune, kuma mun san ba kowane mai tambaya ne hukuma ba. Shi ya sa nake ganin shiga ta zama ganin dama, kuma dattawa su zaɓi wanda zai riƙe mabuɗin kamar yadda suke zaɓen ma'aji, da mataimaki a wani gari, don kada mu maimaita matsalar wayar mamaci a kan ƙungiya gaba ɗaya. Amma ina ganin daidai ne kwamitin sulhu ya ce daga shekara mai zuwa, ƙarar lodin da ke da lamba ita za a fara saurara.

Na uku ba a faɗa mini ba, amma na gani a fuska. Wasu iyayenmu suna jin kamar ana so a miƙa ragamar sana'a ga yara. Yaro ya iya latsa waya, amma bai san direban da za a ba kayan miliyoyi a kwana lafiya ba, bai san wanda in ya ce gobe, goben ce ba. Wannan sanin yana wurinku, kuma babu jadawalin da zai maye shi. Abin da ake nema a wurin yaro ya zauna kusa da ku ya rubuta abin da kuka yanke. Madugu ma da malaminsa yake tafiya.

Kuɗin abin kaɗan ne: waya ɗaya ta ofis, data, littattafan takarda mai kwafi, da ɗan alawus na magatakarda da wakilai. In an amince, ina ba da shawarar a gwada da lodin da ke tashi daga Sabha zuwa Agadas kaɗai na wata uku, a ga inda ya yi tsauri a gyara, kafin a miƙa shi Damagaram da Kano. Takardar gwaji tana hannun sakatare, kowa ya duba ta kafin zama na gaba, musamman direbobi, domin su za ta fi shafa kuma su suka fi sanin abin da zai yiwu a bakin mota da ƙarfe biyar na asuba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, ya kai waɗanda ke kan hanya a daren nan lafiya.